Citta a Ƙafar Baba Direba

Ni aski nake yi, ba magani ba, amma ko mai aski ya san warin nama idan ya fara lalacewa. Ranar Alhamis ɗin da na fara jin warin a ɗakin Baba Direba, na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan akwati, har na ce a ɗaga a duba. Baba ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya yaye zanen da ya rufe ƙafarsa ta dama.

"Ba ɓera ba ne, Aski. Ni ne."

A ƙarƙashin babban yatsansa akwai wani ciwo da bai fi maɓallin riga ba. An cusa masa dakakkiyar citta, an naɗe da tsumma, ruwa yana tsatsowa ta gefe. Ya ce wani abu ya taka a tsakar gida, bai ma ji ba sai da ya ga jini a tabarma.

Shagona yana kallon gidansu, titi ne kawai a tsakani. Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana jan babbar mota, tun da ido ya yi rauni ya ajiye, ni nake tsallakawa duk Alhamis in yi masa aski da gyaran gemu. Yana da ciwon suga, kowa a layin ya sani. Da can yana da katin asibiti da ƙwayoyinsa a cikin wani gwangwani, duk wata yakan je a auna shi ya dawo yana zagin layin da ya bi. Haka aka yi ta tafiya har ranar da babban ɗansa ya gano citta.

Wannan ɗa caja da murfin waya yake sayarwa a bakin titi. Rana ɗaya aka wayi gari ya sayo farar riga a gwanjo, ya rataya wani abu a wuya irin na masu auna ƙirji, ya ce daga yau a kira shi Likita. Aka kira shi, da farko don tsokana, daga baya kuma har an manta tsokana ce. Ya kwashe kayan Baba daga ɗakin gaba ya mayar da ɗakin shago, tsohon ya koma ɗakin baya tare da buhunan citta. Ya kafa lasifika a bakin ƙofa. Tun daga hantsi har rana ta faɗi muryarsa ce ke jero cututtuka: mura, tari, sanyin ƙashi, hawan jini, basir, suga, mantuwa, rashin haihuwa, faɗuwar gaba. Wani mai facin taya da ke kusa da ni ya taɓa tambayarsa ko tana maganin faɗuwa jarrabawa, Likita ya ce a ba yaron cokali biyu da safe.

Kada a ce ina gaba da citta. In mura ta kama ni, shayinta nake sha, maƙogwaro ya buɗe. Lokacin da iyalina take da ciki, ita take ɗan tsotsa tashin zuciya ya lafa. In na ci abinci ya zauna min a ciki, ita ce dai. Abu ne mai albarka, yana da aikinsa, ya kuma san inda aikinsa ya tsaya. Likita ne bai sani ba.

Abin da ya ɗaga kasuwarsa wani bidiyo ne. Ya sa wa Baba sabuwar riga, ya zaunar da shi a kujerar shago da kofi a hannu, ya koya masa abin da zai faɗa. Baba ya ce, yana kallon ƙasa, tun da ya fara shan garin cittar ɗansa suga ya bar jikinsa. Sannan Likita ya ɗauko gwangwanin ƙwayoyin ya zazzage su a kwata, ya bi su da ruwa. Bidiyon ya zagaya wayoyi, mutane suka fara zuwa daga unguwannin da ban taɓa jin sunansu ba. Katin asibitin kuwa ya shiga durowar Likita, aka murɗa makulli.

Da na gama askin ran nan na biya ta shagon, na ja shi gefe.

"Likita, ciwon nan na ƙafar Baba, ai gara a kai shi a wanke."

"Malam Aski, ka taɓa ganin na shigo shagonka na ce ka rage wa wani gemu?"

"A'a."

"To. Ruwan da ka gani dafi ne yake fita. Aikin citta ke nan, tana janyo cuta daga cikin ɓargo. Wanda bai yi karatun abin ba zai tsorata."

Karatun da ya yi kuwa a waya ne, tsakanin wasan ƙwallo da bidiyon barkwanci. Na sani, amma na ja bakina na yi shiru, don akwai mutum shida a layi suna kallona kamar na zo hana su lafiya.

Alhamis ta biyu ƙafar ta kumbura har idon sawu, fatar tana sheƙi. Baba ya rame a wuya, har sai da na ja fatar da yatsa kafin reza ta bi. An ajiye masa bokiti a gefen katifa don fitsari ya yi yawa, ba ya iya kaiwa banɗaki. Ƙishirwa kuma ba ta barinsa. Duk sanda ya nemi ruwa, matar Likita sai ta kawo masa kofin shayin citta da zuma cokali uku.

Na ce mata, "Uwargida, zuma ga mai suga?"

"Likita ya ce zuma ba suga ba ce, ƙudan zuma ne ya yi ta."

"Kin ga ƙafar kuwa?"

"Ni dai daka aka ce in yi, ina yi. Hannuna duk ya yi kanta. Ko 'yar cikinsa ba ta yi masa abin da nake yi."

Gaskiyarta ta wani fannin. Sau biyu a rana take kwance tsumman, ta kankare tsohuwar cittar da cokali, ta cusa sabuwa, tana kau da kai tana toshe hanci da mayafi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Baba ko motsi ba ya yi. Ɗanyar citta a kan ɗanyen ciwo, ƙato ma sai ya yi ihu, shi kuwa sai ka ce ƙafar wani ake taɓawa. Likita ya ce wannan ita ce babbar alamar sauƙi, tunda zafi ya tafi.

Da ta fita na ce, "Baba, ka yi masa magana mana. Ɗanka ne."

Ya kalli buhunan da ke jingine da bango. "Aski, yaron nan ya daɗe bai ga abin kansa ba. Yanzu ne Allah ya buɗa masa. Fuskata ce a jikin kowace kwalba. In aka gan ni a layin asibiti, me na yi masa? Na kashe masa kasuwa da hannuna."

Haka tsohon ya kwanta yana gadin kasuwar ɗansa da ƙafarsa. Raina ya ɓaci sosai ran nan, kuma ban san da wa zan fara jin haushi ba.

Alhamis ta uku ban ji wari daga ƙofa ba, don an turara ɗakin har ido yana yaji, an kuma toshe ƙasan ƙofar da tsohon bargo kada iska ta kai shago. Babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bin sahu. Likita ya shigo da kansa, da abin nan a wuyansa, ya duƙa daga nesa ya leƙa.

"Madalla. Ka ga baƙin nan? Ciwon ne ya taru wuri ɗaya. Da yana yawo a jiki, yanzu mun kora shi lungu. Saura ya bushe ya faɗi."

"Me zai faɗi, Likita? Ciwon ko yatsan?"

Ya yi kamar bai ji ni ba. Ya ce wa matarsa daga yau a ƙara kanumfari a haɗin, ya fita yana amsa waya.

Wayar Baba tana hannun Likita, ta zama layin shago na biyu. Don haka tsohon ya ce in kira masa autarsa da tawa, wadda take aure a wani gari mai nisa. Na kira na saka yadda duk za mu ji.

"Baba, ya jiki? Yaya ya ce ana samun sauƙi sosai. Na ga bidiyonka, har ka yi ƙiba."

"Bidiyon ya kwana biyu, Auta."

Na karɓi maganar na faɗa mata abin da idona ya gani, ban rage komai ba. Ina jin yara suna hayaniya a bayanta.

"Malam Aski, ka san halin Yaya. In na ce a kai Baba asibiti zai ce na raina sana'arsa, kuma shi ne babba. Ba na son a ce daga gidan miji nake juya gidanmu. Amma zan sa a yi masa addu'a. Baba, ka daure ka riƙa shan maganin a kan lokaci."

Baba ya ce to, Allah ya yi mata albarka. Da na kashe wayar ya ce in rage masa gashin baki kawai, ba zai iya zama a yi duka ba.

Ban jira Alhamis ta huɗu ba. Ran Talata na leƙa da rana, na tarar jikinsa zau da zazzaɓi, leɓensa ya tsage. Baƙin ya haura bayan ƙafa, wani jan layi yana hawa ƙwauri. Ya kama wuyan hannuna da wani irin ƙarfi da ban zaci ya rage masa ba.

"Aski, na fasa. Kira min shi."

Na kira Likita daga shago. Ya shigo yana duba agogo.

"Ɗana, ka kai ni asibiti," in ji Baba. "Na yi iya yina. Ka rufa min asiri."

"Baba, haba. Saura ƙiris ka ɓata mana aikin wata guda? Can fa ba su san komai ba sai wuƙa."

"Ka kai ni ko da wuƙar ce."

Likita ya shafa kai ya dube ni, ya dubi ƙofa. Gidan nan ƙofa ɗaya gare shi, kuma ta cikin shagon ta bi. Duk wanda zai fita da Baba sai ya ratsa ta gaban kwalaben da ke ɗauke da hotonsa yana murmushi, ya ratsa ta tsakiyar masu saye.

"To, na ji. A bari zuwa Asabar. Akwai dillalai da za su zo daga nesa ran Juma'a su ɗauki kaya da yawa, kuma sun ce suna son su gaisa da kai. Ka zauna a kujera, a rufa maka bargo, ka ɗaga musu hannu kawai. Suna tafiya, ni da kaina zan kai ka."

Baba ya saki hannuna ya juya fuskarsa bango.

Washegari da safe na ga Likita ya hau babur ya tafi sarin citta. Na rufe shagona da mutum a kan kujera, rabin kansa a aske, na ce ya yi haƙuri. Na kira mai faci, muka tsayar da tasi a ƙofar gidan. Matar Likita ta tare mu a bakin ɗakin da taɓarya a hannu.

"In ya dawo me zan ce masa?"

"Ki ce ɓarayi ne suka zo, suka bar kuɗi suka ɗauki tsoho," in ji mai faci.

Ta ga da gaske muke. Muna ɗaga shi sai ta ruga ta ciro zanen gado, ta lulluɓe shi tun daga ƙafa har fuska, wai kada mutanen shago su gane shi. Haka muka ratsa da shi a rufe ruf, mai rai, wata tsohuwa da ke layi har ta fara salati. Muna wucewa kuma ta matsa gaba kada a ci mata layi.

A asibiti wata nas ce ta kwance tsumman. Ta ja baya, ta gyara abin rufe hancinta.

"Wa ya yi wa ƙafar nan haɗi kamar za a ɗora ta a wuta?"

Kunya ta ishe ni kamar ni na daka. Likitar da ta duba shi mace ce mai magana a hankali. Ta tambayi yaushe ya bar shan ƙwayoyinsa, na faɗa mata. Ta tambayi yaushe ciwon ya fara, na faɗa mata.

"Citta ba ta yi laifi ba," in ji ta. "Ni ma ina sa ta a shayi. Amma ba ta maye gurbin maganin suga, kuma ba a cusa ta a ciwo. Da kun zo makon farko, wanki ne da magani ya koma gida da ƙafarsa. Yanzu in ba mu cire daga ƙasan gwiwa ba, ransa muke magana."

Likita ya iso kafin azahar. Ta taga na hango shi a wurin ajiye ababen hawa, ya cire farar rigar da abin wuyan, ya ninke su ya tura a ƙarƙashin kujerar babur. Ya shigo a matsayin ɗa kawai, mai biyayya, har da rusunawa. Da aka miƙo takardar izinin aiki sai ya sa hannuwansa a baya.

"Ni ban yarda a yanke wa mahaifina ƙafa ba. Kowa ya shaida. Ba da hannuna ba."

Baba ya ce a ba shi biron. Ya rubuta sunansa da kansa, a karkace.

Kwana goma sha tara ya yi a can. Auta ta zo ta yi kuka har ta shiɗe, ta ce me ya sa ba wanda ya faɗa mata abin ya kai haka. Ta kwana biyu ta koma, da kwalba uku na garin Yaya a jaka, wai surukarta tana fama da gwiwa. Ranar sallama nas ɗin ta ja mana kunne: a riƙa duba ɗaya ƙafar kullum, ko ƙwarzane aka gani a dawo da shi a ranar.

Na zaci Likita zai rufe shago, ko aƙalla ya rage ƙarar lasifika. Ashe ban san kasuwanci ba. Kwana uku da dawowar Baba aka canja muryar da ke fita. Yanzu ga abin da take faɗa, daga hantsi har faɗuwar rana: "Jama'a, ku ji abin da ya faru da mahaifina. Wata guda cur ina riƙe da ƙafarsa da citta, ba ta je ko'ina ba. Wasu marasa imani suka sace shi suka kai asibiti. Kwana ɗaya tak, suka yanke. Ku yi wa kanku hisabi." Layin ya ninka, har yana tare min ƙofar shago. Wasu in sun zo wucewa sukan nuna ni da baki, ga ɗaya daga cikin marasa imanin. Mutum biyu sun daina aski a wurina.

Abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. Mako uku na yi ina ganin ƙafar nan tana mutuwa, ina kaɗa kumfa ina gyara gemu, don kada a ce na shiga sha'anin gidan mutane. Ɗa ya ce kasuwa, suruka ta ce umarni, 'ya ta ce girman yaya, ni kuma na ce ladabi. Kowannenmu ya samu kyakkyawan sunan da zai ɓuya a bayansa, tsoho ya biya da ƙafa.

Alhamis ɗin da ta wuce na je masa aski. Yana zaune a kujerar roba, sandunansa a jingine da buhu, muryar ɗansa tana shigowa ta bango. Ƙwayoyin da aka ba shi suna cikin aljihun wandonsa, a ƙulle a leda, ba ya rabuwa da su ko zai yi barci. Na ga ya sa safa a ƙafar hagu, duk da zafin da ake yi a gari. Da na gama ya ce in tura ƙofa.

"Cire min safar ka duba diddige. Idona ba ya kaiwa."

Na durƙusa na cire. Akwai wata 'yar tsaga a gefen diddigen, ba ta kai tsawon farce ba, bakinta ya yi ja.

"Akwai, ko?"

"Akwai, Baba. Ƙarama ce. Yau za mu je."

"Yau ɗin. Ka ce wankin dungulmin za a yi. Kada ka ambaci wannan a gidan nan."

Sai muka ji takun takalmi a tsakar gida. Baba ya daki kafaɗata, ya ce da sauri, "Mayar, mayar." Na zura masa safar a juye, na miƙe na kama kakkaɓe tawul.

Likita ya turo ƙofa, farar rigarsa ta sha guga, da kofi a hannu yana tururi.

"Sannu Baba. An sha aski. Yaya ɗaya ƙafar? In akwai wani abu ka faɗa min da wuri, kada a sake yi mana irin ta wancan karon."

Baba Direba ya dubi ɗan da ya haifa, ya ja ƙafarsa a hankali ya tura ta ƙarƙashin kujera.

"Lafiyarta ƙalau, ɗana," ya ce.